Likitan Bajapane

Shekara shida Auta ya yi a ƙasar waje yana liƙe kwalaye a wani katafaren sito, kuma ranar da ya dawo kowa ya lura akwatinsa bai kai bakinsa nauyi ba. Tun daga bakin layi ya fara ba abubuwa maki. Titi ya samu huɗu cikin goma. Ƙofar gidansu, wadda aka yi wa sabon fenti saboda zuwansa, ta samu biyar. Yaya ta kawo masa shayi, ya kurɓa, ya lumshe ido kamar mai jiyo kira daga nesa.

"Shida," in ji shi. "Farkonsa da ƙarfi, amma ƙarshen ya yi sanyi."

"Da ka sha maimakon surutu, ai da bai huce ba," in ji Yaya. "Ba ni kofina."

A wurin kallon anime ya ɗauko wannan ɗabi'a ta ba da maki, wato finafinan zane na mutanen Japan. Duk wanda ya kuskura ya ce katun a gabansa ya jawo wa kansa lacca ta rabin awa. Bai taɓa taka Japan ba, ƙasar da ya zauna ma ba nahiya ɗaya suke da Japan ba. Bai dai taɓa cewa ya je ba, bai kuma taɓa cewa bai je ba, sai dai ka ji yana "mu a can". Kafin sati ya zagayo 'yan layi sun raɗa masa Bajapane, ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Kallon nasa ma da sauƙi. In ya taso aiki a gajiye ya kunna waya, kafin waƙar buɗe shiri ta ƙare barci ya kwashe shi. Ya san farkon shiri ɗari, bai san ƙarshen ko ɗaya ba. Abu guda ya taɓa bi daga bango zuwa bango: wata manga mai kaurin bulo, wato labari cikin zane, da ya saya a wurin masu tsofaffin littattafai ana saura kwana uku ya taso. Rubutun cikinta duk na Japan ne, bai san ko harafi ɗaya ba. Amma a cewarsa hoto ba ya buƙatar tafinta.

A kan wannan littafin ya gina shirinsa. Baba ɗinkin littattafai yake yi, ya ɗaure kundin ɗalibai, ya gyara tsoffin littattafan da suka yage, kuma a bayan shagonsa akwai ɗaki babba da ba kowa a ciki. Yaya ta daɗe da ɗora ido a kan ɗakin, don kekunan ɗinkinta biyu a soro suke, iska na kwashe mata zare. Shi kuwa Bajapane ya riga ya ga allo a ƙofar ɗakin a cikin ransa: Cibiyar Nazarin Anime da Manga. Ba a yin shekara shida a waje a dawo a ce kwali aka liƙe.

Ya samu Baba a bakin aiki, ya dire littafin a kan tebur. "Baba, da wannan zan wayar da layin nan."

Baba ya ajiye allura, ya goge hannu a jikin riga, ya ɗauka. Shekara arba'in yana wannan sana'a, hannunsa na gane littafi kafin idonsa. Ya shafa ɗinkin, ya kwantar da littafin, ɗinki na dama, bango mai hoto na sama, ya buɗe.

Bajapane ya yi wuf ya karɓe. "Baba, ta baya ka buɗe." Ya juya shi, ɗinki na hagu kamar littafin makarantar boko, bangon da ke da baƙaƙen layukan farashi na sama. "Nan ne gaba."

"To me ya kai hoton baya?"

"Tsarinsu ke nan. Farashi suke fara nuna maka, mutane ne masu gaskiya. Hoto sai ka gama karatu, shi ne ladanka."

"Auta, akwai littattafan da ake..."

"Baba, da girmanka, wannan ba irin naku na da ba ne. Na zamani ne."

Baba ya waiwaya ya dubi kantar da ke bayansa, inda rabin littattafan da ke jiran ɗinki ta dama ake buɗe su. Ya dubi ɗansa. Ya ɗauki allurarsa.

"Shi ke nan. Ranar Asabar da yamma ka tara mutane a ɗakin. In suka tashi suna cewa ka san abin da kake faɗa, ɗaki naka ne. In ba haka ba, Yayarka ta shigar da kekunanta, kai kuma ka zauna nan kusa da ni ka koyi shafa gam."

"Baba, ka ce ɗaki ya zama nawa kawai."

"Na ce Asabar," in ji Baba.

Wurin Mai Aski ya fara zuwa, don shi ke da babbar talabijin a layin. Mai Aski mutum ne marar hayaniya, kuma shi ma yana kallon anime a waya in ba kai a kujera, har ƙarshe yake kaiwa, sai dai bai taɓa riƙe manga ta takarda ba. Da ya ga littafin sai da ya wanke hannu kafin ya taɓa. Bajapane bai bari ya buɗe ba. Ya hau kujerar aski, ya juyo da ita ta fuskanci masu jiran layi, ya buɗe ta wajen farashi.

"Ku kasa kunne. Wannan labari goma cikin goma ne, ni kuwa ban cika ba da goma ba. Shafin farko, ga wani dogon mutum mai gashi tsaitsaye kamar ƙayar bushiya, kwance matacce, takobi a ƙirjinsa. Ga jarumi tsaye a kansa. Jarumi ya zare takobin, mutumin ya miƙe garau. Tun daga nan ya sha alwashin rama alheri. Ni Likita nake kiransa."

"Shi jarumin fa?" in ji wani mai jiran aski.

"Nan zurfin yake. Jarumin lalacewa yake yi. Kullum ƙwanjinsa na raguwa. Tabon fuskarsa ya ɓace. Ya manta sara, ya manta karewa, har wani tsoho ya gaji ya ƙwace takobin ya ba shi sanda. Daga sanda ya koma ɗiban ruwa. Ya yi ta ƙanƙancewa har ya zama yaro. Shafin ƙarshe, yana kwance yana barci, uwarsa na tsaye a kansa. Duniya ke nan. Ba wanda ke irin wannan tunani sai su."

Mai Aski ya tsaya da almakashi a sama. "Ikon Allah. Duk wanda na kalla, yaro ne ke girma."

"Shi ya sa wannan ya fi su. Ka taɓa fita waje?"

"Ban taɓa ba."

"To saurara." Bajapane ya buɗe kusa da ƙarshensa. "Ga aikin Likita. Ka ga tsohon nan? Ga hannunsa a ƙasa, guntule. Likita ya zo, ya wulga takobi sau ɗaya, dubi hoto na gaba. Hannu ya koma jikinsa, ko tabo babu. Ga kuma ƙauye ya zama toka. Likita ya bi gida-gida yana tsince wutar, ya tara ta duka a bakin itace guda, gidaje suka miƙe, ya hau dokinsa ya tafi da ita."

Mai Aski ya leƙa. "Dokin kamar ƙauyen yake kallo."

"Da baya yake tafiya. Ko dokinsu tarbiyya gare shi, ba ya juya wa jama'a ƙeya."

"Mutanen kuma na ga baki buɗe, hawaye na zuba."

"Murna ce. Haka suke murna a can."

Mai Aski ya koma kan askinsa, don ba ya son musu da mutumin da ya hau jirgi. Ya dai ɗauki hoton bangon littafin da wayarsa ya bincika, ya ce an yi anime ɗin wannan littafi, har da fassara a rubuce a ƙasa. Zai sauke kashi uku na farko ya kawo da talabijin ranar Asabar.

"Ko za ka zo gobe mu fara kallo mu biyu?"

"Ɗalibi ke bita," in ji Bajapane. "Ni na karanta asalin."

Daga nan ya wuce wurin Mai Fenti, ya kai shi ɗakin, ya nuna masa bango mafi faɗi da hoton Likita riƙe da bakin wuta. Mai Fenti ya daɗe yana kallon hoton, ya nisanta shi, ya kusanto da shi.

"Bajapane, shekara ashirin ina zana fuska. Wannan fuskar, in ka yi mata sallama ba za ta amsa ba."

"Gajiya ce. Ka taɓa ganin likita mai fara'a bayan ya tashi gari guda?"

"Haƙoransa fa? Na ƙirga huɗu masu tsini."

"Ka zana abin da ka gani, Malam. Nazari nawa ne."

Mai Fenti ya zana abin da ya gani, har ya ƙara wa idanun ja don ya burge. Da aka gama, kyanwar shago ta leƙo ɗakin sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

Saura tufafi. Likita na sanye da doguwar baƙar riga mai ja da ƙasa, wuyanta a tsaye har kunne. Tela ɗaya ce a gidan, kuma ita ce abokiyar takararsa. Bajapane ya je soro yana sosa ƙeya.

"Yaya, taimako za ki yi wa ilimi."

Ta dubi hoton, ta dube shi. "Wannan kake son ka zama?"

"Shi ne."

"Ranar Asabar, gaban mutane?"

"Gaban kowa."

"Zo in gwada ka," in ji Yaya, da wani irin sauri da ya kamata ya ba shi tsoro. Ta yanka tsohon labulen falo, ta cusa wa wuyan kwali mai kauri daga shagon Baba. Ta yi aikin tsakani da Allah. Wuyan ya tsaya ƙyam, har in Bajapane zai dubi gefe sai ya juya gaba ɗayansa kamar kabad.

"Takwas," in ji shi a gaban madubi.

"Na gode, ranka ya daɗe. Ka ɗan matsa, zan shiga in auna ɗakin."

"Auna me?"

"Ba komai. Ina son in ga ko teburin yanka zai shiga ta tsaye."

Ranar Alhamis ya tare Nas a hanya tana dawowa daga aiki. Maƙwabciyarsu ce, a ƙaramin asibitin bakin titi take, mace mai magana ɗaya. Ya ce ita ce babbar baƙuwa, don an sadaukar da taron ga ma'aikatan lafiya, kuma za ta ga abokin aikinta yana mayar da guntulallen hannu ba allura ba zare.

"Ba zare?" in ji Nas.

"Da takobi."

"Zan zo. Ko don in koyo."

Ya bi gida-gida yana cewa iyaye su zo da iyalansu, shiri ne na tarbiyya. Da yammacin Juma'a Baba ya sake gwadawa. Ya ce, "Auta, kawo littafin nan in duba maka shi minti biyu." Bajapane ya ce a yi haƙuri, ana shirin taro, in an gama zai koya wa Baba yadda ake riƙe shi. Baba ya ce Allah ya kai mu.

Asabar da hantsi Mai Aski ya raba masa gashi gida bakwai, ya tsayar da kowanne da man gashi. Kafin ya tsallaka titi, huɗu sun kwanta. Ya koma, aka ƙara mai, suka sake kwanciya. Sai ya faki idon Baba ya shiga shago, ya ɗebo gam ɗin ɗaurin littattafai cikin tafin hannu. Wannan karon gashi ya ji magana. Ƙahoni bakwai suka tsaya kamar an kafa su. Matsalar kawai, kafin gam ya bushe ya sunkuya ƙarƙashin injin yankan takarda neman takalminsa, ya taso da 'yan guntayen farar takarda a kowane ƙaho.

"Ka yi kyau," in ji Yaya. "Kamar bishiyar da aka ɗaura wa tsumma."

Da yamma ɗaki ya cika. An jera benci huɗu, wasu na tsaye a bakin ƙofa, har da ɗalibai uku da suka zo karɓar kundinsu suka ga taro suka zauna. Nas na gaba a kujera mai hannu. Baba na gefe a kan kujerarsa ta aiki. Yaya na can baya, tef ɗin awo rataye a wuya. Duk wanda ya shigo sai ya kalli bango ya ɗan ja baya, sannan ya nemi wurin da zai ba hoton baya.

Bajapane ya shigo yana jan riga, ya tsaya ƙarƙashin hoton, littafi a hammata. Ya ba su labarin tun daga gawa har zuwa barci. Ya ce duk wanda ya kalli shiri don faɗa da tsalle-tsalle ɗan kallo ne, masani shi ne mai gane waye mutumin kirki tun kafin a faɗa masa. Ya ce in Allah ya ba shi ɗa, halin Likita yake roƙa masa. Ya ce idan Likita ya bayyana, a tashi tsaye a tafa.

"Kunna," ya ce wa Mai Aski.

Aka yi waƙa, aka gama. Sai ga ɗaki, ga yaro kwance yana barci, ga uwarsa tsaye a kansa. Ta yaye masa bargo, ya tashi yana miƙa, ya ɗauki bokiti biyu ya nufi rafi.

"Ba wannan ne ƙarshen ba?" in ji ɗaya daga cikin ɗaliban.

Bajapane ya juyo gaba ɗayansa. "Ka yi tambaya mai kyau. Dabara ce ta masu shirya fim, su fara nuna maka ƙarshe don su ja ranka. Ni ban so ba. Na cire musu maki ɗaya."

Yaro ya ɗebo ruwa. Ƙauye lafiya lau, kaji na kiwo, wani tsoho mai hannu biyu na faskare. Sai kiɗa ya canza, sama ta yi duhu, ga doki a kan tudu, ga dogon mutum mai gashi tsaitsaye da bakin wuta a hannu.

"Ga shi nan," in ji Bajapane. "A tashi."

Aka tashi, aka tafa. Nas ma ta tafa sau biyu. Dokin ya gangaro, kuma da gaba yake tafiya.

Likita ya tsaya a gidan farko, ya yi magana da murya kamar ana jan duro a kan siminti. Mai Aski ya matsa kusa ya karanta fassarar da ƙarfi saboda na baya. "Ya ce, ko kaza ba zan bari ba."

"Ba zai bari ta yi ciwo ba," in ji Bajapane. "Fassarar ce ta gajarta."

Likita ya ɗora wutar a kan rufin. Rufi ya kama.

Tafin da ya rage ya mutu. Mutane suka zauna ɗaya bayan ɗaya.

"Gwaji yake yi," in ji Bajapane. "Sai ka san cuta kake sanin magani."

Gida na biyu ya kama, na uku ya kama. Mutanen ƙauye suka fito da gudu, baki buɗe, hawaye na zuba.

"Kai, murnar ta yi yawa," in ji Mai Fenti daga baya.

Wata maƙwabciya ta rufe wa 'yarta ido da gefen mayafi. "Bajapane, wannan ce tarbiyyar?"

"Ku yi haƙuri, Inna, yanzu za a zo wurin hannu. Nas, ki lura da kyau, nan ne naki."

Tsohon ya fito da gatarinsa ya tare hanya. Likita ya yi dariya, haƙora huɗu masu tsini suka bayyana. Ya wulga takobi sau ɗaya. Hannu ya faɗi ƙasa.

 Nas ta gyara zama, ta dubi Bajapane tun daga ƙahoni har ƙasa.

"A wane asibiti ya yi horo?"

Dariya ta fara daga bencin ɗalibai. Zafin ɗakin ya fara narka gam, ƙaho ɗaya ya sunkuyo a hankali ya liƙe a goshin Bajapane. Ya ture shi, ya dawo.

"An lalata fim ɗin nan," in ji shi. "Na jabu ne. Mai Aski, a ina ka samo?"

"Inda nake samo sauran."

"Ba haka yake a littafi ba. Kawo rimot, akwai wurin da aka tsallake."

Ya fizge rimot ya danna mayarwa baya, ya riƙe. Hoto ya fara gudu da baya. Hannun tsoho ya yi tsalle daga ƙasa, takobi ya wulga, hannu ya manne a kafaɗa, ko tabo babu. Mutanen ƙauye suka koma gidajensu da baya. Wuta ta sauko daga rufi na uku, ta biyu, ta farko, ta taru a bakin itace guda. Likita ya hau tudu a kan doki, fuskarsa na kallon ƙauye, dokin bai juya wa kowa ƙeya ba.

Fuskar Bajapane ta washe. Ya nuna talabijin da rimot, rigar na kaɗawa.

"Kun gani? Kun gani ko? Ga shi nan daidai yadda na faɗa muku. Wa ya ce ban sani ba?"

Bai saki madannin ba. Yaro ya mayar da ruwa rafi, ya koma gida da baya, ya kwanta, uwarsa ta lulluɓe shi.

"Ga ƙarshen ma," in ji shi, amma muryar ta fara sirancewa, don ya ji abin da ya faɗa, ya kuma ga wane madanni ke ƙarƙashin yatsansa.

Baba ya tashi ba gaggawa. Ya zare littafin daga hammatar ɗansa, ya kwantar da shi a tafin hannu, ɗinki na dama, hoto na sama. Ya buɗe shafin farko ya ɗaga wa jama'a. Yaro kwance yana barci, uwarsa tsaye a kansa, daidai da abin da ke tsaye a talabijin. Ya buɗe na gaba, yaro ya tashi. Na gaba, bokiti biyu.

"Ni ban san Japan ba," in ji Baba. "Amma na san gaban littafi."

Abin da ya biyo baya, har masu shago na ƙarshen layi sai da suka leƙo. Mai Fenti ya zame daga benci yana riƙe da ciki. Maƙwabciyar nan ta ce ashe ɗan da Bajapane ke roƙo sai an ɓoye masa ashana. Ɗalibin da ya fara tambaya ya ce shi dai a bar shi ya girma, kada a mayar da shi firamare. Mai Aski, da ba ya son cin fuska, ya juya wa mutane baya yana gyara wayar talabijin da ba abin da ya same ta, kafaɗunsa na rawa.

Bajapane ya ɗaga hannu. "Akwai masana da ke ganin..."

"Ta ina suke gani?" in ji Nas. "Ta gaba ko ta baya?"

Ya ga ba wurin tsayawa, ya nufi ƙofa da sauran mutuncinsa. Wuyan rigar bai bar shi ya ga gefe ba, ya yi karo da Yaya tana auna faɗin taga. Ya kauce, gefen rigar ya maƙale a ƙusar benci, ya ja, labule ya tuna shekarunsa ya yage tun daga ƙugu. Ya fita da rabin riga da wuya a tsaye.

"Mai Aski," in ji Nas, "mayar mana inda muka tsaya. Ina son in ga yadda yaron nan zai yi da mugun nan."

Suka kalli kashi ukun duka. Ba wanda ya tashi. Bajapane na jin su ta bango yana zaune a soro, kai cikin bokitin ruwan ɗumi, gam na fita da gashi biyu-biyu.

Litinin da safe kekuna suka shiga ɗaki. Teburin yanka ya shiga ta tsaye. Yaya ta ce kada a goge hoton bango, ta sa kujerar masu jira ta fuskance shi, wai tun da aka yi haka ba wanda ke daɗewa yana canza ra'ayi a kan ɗinki. Kallo kuma ya koma shagon Mai Aski, kowace Asabar da yamma, kashi uku-uku.

Bajapane ya zauna kusa da Baba da kai a aske tas, buroshin gam a hannu. Da rana ta yi, aiki ya lafa, ya jawo mangar a hankali ya buɗe ta dama. Ya daɗe bai ɗago ba. Wajen tsakiya, inda tsohon mai hannu ɗaya ya karɓi sanda ya miƙa wa yaron takobi, Baba ya ji ana jan hanci.

"Mura ce?"

"Gam ne, Baba. Yana shiga ido."

"Haka yake yi wa sababbi."

Mai Aski ya leƙo da wani tsohon littafin da bangonsa ya cire. Ya ga abin da ke hannun Bajapane, ya ce, "To, nawa ka ba shi yanzu?"

Bajapane ya goge ido, ya gyara zama, ƙirjin ya fara dawowa wurinsa. "Ashirin. Goma zuwa, goma dawowa. Ka bincika, ko a Japan ba za ka samu wanda ya karanta shi ta hanya biyu ba. Ku 'yan kallo rabin labarin kuka sani."

"Allah ya ƙara ilimi," in ji Mai Aski. Ya ajiye littafinsa ya fita yana cije leɓe.

Baba ya tura wa ɗansa littafin da bangon, ya tura masa gwangwanin gam. Bajapane ya tsoma buroshi da ƙarfin gwiwa, ya ɗaga bangon zai manna. Sai hannunsa ya tsaya a sama. Ya juya littafin dama, ya juya shi hagu, ya leƙa ƙofa ya tabbatar ba kowa, ya rage murya.

"Baba, wannan ina ne gabansa?"

Baba bai ɗago daga ɗinkinsa ba. "Bakwai cikin goma," in ji shi. "Farkonka da rauni, amma ka fara gyaruwa."